Filin Shawara: Garmahon Baba Ya Dushe, Yaya Za Mu Yi?

Wasiƙu huɗu na ware a wannan makon, dukkansu a kan garmaho, kuma na daɗe ban ji daɗin buɗe wasiƙa kamar yadda na ji a kansu ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai gyaran agogo ne, kuma a zamaninsa duk wanda garmahonsa ya samu matsala wajen mai agogo yake kai shi, domin dukkansu biyu sai an yi musu wani suke aiki. Ni ce 'yar riƙe masa farantin da yake zuba ƙananan kusoshi, ina zaune a gefensa ina kallo. Abin da na gani a wannan benci, da abin da na ƙara sani daga baya, shi zan ba ku.

WASIƘA TA FARKO

Gwaggo, bayan gaisuwa mai yawa. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar wani garmaho irin na akwati, baƙi, mai hoton kare a cikin murfinsa, wanda shi ma wajen kakanmu ya gada. A jikin kan da ake sa wa allura an rubuta lamba 4. Akwai faifai kusan talatin. Mahaifiyarmu ta tsufa, kwanakin baya ta ce tana so ta sake jin wani faifai da Baba yake sa mata lokacin tana amarya. Muka yi masa wani, muka ɗora, sai ga wata murya siririya kamar ta mai mura, ga ƙara kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani. Hajiya ta ce mu kashe, wannan ba shi ba ne, ta juya ta share hawaye. Yayana ya ce a kai wa mai gyaran rediyo ya kwashe kayan cikinsa ya sa masa lasifika ta zamani. Ni kuwa zuciyata ba ta yarda ba, har mun yi kwana uku ba ma gaisawa sosai. Me kika gani?
Wata 'yarki daga Zariya

AMSA

'Yata, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ki kwantar da hankalinki: garmahon nan bai mutu ba, kuma abin da ke damunsa ƙarami ne ƙwarai. Hajiya ta faɗi gaskiya da ta ce ba muryar ba ce, kunnenta bai yaudare ta ba.

Hoton karen nan tambarin kamfanin Gramophone ne na Ingila, wato His Master's Voice. Akwati mai kai lamba 4 galibi samfurin 101 ne, wanda aka ƙera tsakanin 1925 da 1931. Kin ga ke nan abin da ke hannunki ya doshi shekara ɗari. Babu lantarki a cikinsa, babu batir. Allura ce take bin layin faifai tana kaɗawa, sandar da ke riƙe da ita ta miƙa wannan kaɗawa zuwa wani tantani mai zagaye, tantanin ya tura iska, iskar ta bi ta wuya ta shiga ƙahon da aka naɗe a cikin akwatin, ta fito da ƙarfi. Ki ɗauke shi kamar kalangu: idan tantani ya saki ko rami ya samu a bakinsa, komai gwanintar makaɗi ba za a ji zaƙi ba.

Tantanin kai lamba 4 na maika ne, wani dutse mai ɓawo-ɓawo da ake gani ta cikinsa kamar gilas. Roba ce take rungume da gefensa don kada ya taɓa ƙarfe, don kuma kada iska ta zurare. A wasu kawunan, kamar wanda ake kira Exhibition, robar zobe biyu ce, ɗaya gaba ɗaya baya. A lamba 4 guda ɗaya ce mai tsagi, bakin tantanin yana zaune a ciki. To wace roba ce za ta shekara casa'in a zafin ƙasarmu, a ɗaki mai rufin kwano, ba ta ƙandare ba? Na sha ganin mahaifina ya ɓamɓaro ta tana karyewa kamar busasshiyar taliya. Idan ta ƙandare, tantani ba ya iya motsi yadda ya kamata, sai murya ta sirance. Idan ta tsage, iska ta tsere, tantanin ya riƙa bugun ƙarfe, shi ne ƙarar zumar da kuka ji.

Ga yadda za ki tabbatar da kanki. Murɗa kan a hankali ki zare shi daga wuyansa. Ki sa bakinki a ramin bayansa ki hura iska kaɗan, kamar mai hura wa jariri ido, kada ki yi da ƙarfi. Idan iskar tana wucewa salin-alin, akwai yoyo. Sannan ki ɗaga shi a hasken rana ki dubi tantanin. Idan garau yake, ko da ya ɗan yi duhu, lafiyarsa ƙalau, kada a canza shi. Idan kin ga tsaga, ko wani fari-fari mai launin bakan gizo a kusa da tsakiya, ɓawonsa ya fara rabuwa ke nan, sai an sa sabo. A auna faɗinsa daidai kafin a saya, domin kowane kai da girman tantaninsa. Har yau akwai masu sayar da robar lamba 4, da maika, da allurai, a Ingila da Amurka da wasu ƙasashe, ana yin oda ta intanet, kuma kayan ba su da nauyi. A da, idan kai mai zobe biyu ne, masu gyara sukan yanka robar bawul ta keke su yi amfani da ita, tana kuwa yi idan kaurinta ya dace.

Wanda zai yi aikin, ki nemi tsohon mai gyaran agogo, mai haƙuri, mai ƙananan sukundireba. Ki zauna a wajen, ki gaya masa abubuwan nan. Na farko, a ɗauki hoton kan da waya ta kowane gefe kafin a kwance ko kusa ɗaya, a kuma yi aikin a kan faranti ko farin ƙyalle, domin kusar da ke ɗaure sanda da tantani ba ta kai ƙwayar gero ba, idan ta faɗi ƙasa sai dai haƙuri. Na biyu, kada a tilasta wa kusar da ta ƙi juyawa. Bayan wasu kawunan tagulla ne, amma na wasu gamin tutiya ne, wanda yake kumbura yana tsattsagewa idan ya tsufa. Irin wannan idan aka matsa masa sai ya ruguje kamar ƙuli-ƙuli. A ɗiga wa kusar mai, a bar ta kwana biyu ko uku, a sake gwadawa. Garin neman gira ake rasa ido.

Na uku, wajen mayarwa, tantanin ya zauna a tsakiya, gefensa kada ya taɓa ƙarfe ko ta ina. Bakin sandar allura ya sauka a tsakiyar tantanin ya taɓa shi kawai, kada ya danna shi ciki, kada ya janyo shi waje. Kusoshin da sandar take lilo a kansu a daidaita su yadda ba za ta yi girgiɗi ba, ba kuma za ta cije ba. Daga nan sai a ɗaure 'yar kusar tsakiya, a ɗora ɗan kakin zuma kamar kan ashana, a kusanto da ƙarfe mai ɗumi ya narke ya rufe wajen. Ƙamshin kakin nan har yau yana hancina. Mahaifina yakan ɗumama bakin tsohuwar sukundireba a fitilar kananzir, ya taɓa kakin sau ɗaya, ya narke ya kwanta kamar ɗigon hawaye. Kada ki yarda a sa gam mai kamawa nan take, domin yana ƙandarewa, kuma ranar da za a sake gyara sai an fasa tantanin.

Saura abu biyu. Akwai wata roba a bayan kan, inda yake haɗuwa da wuya, ita ma a sa sabuwa. Gaɓoɓin wuyan kuma a wanke tsohon maiƙonsu a shafa sabon giris, don ya toshe iska, wuyan kuma ya riƙa bin faifai ba tare da turjiya ba. Tsofaffin kayan da aka cire a zuba su a ambulan a ajiye a cikin akwatin, jikokinku za su so su gani.

Game da yayanki, kada ki ɗauke shi maƙiyin kayan tarihi. Ya ga hawayen mahaifiyarsa ne, yana neman hanyar da ta fi sauri. Niyyarku ɗaya. Ki same shi da ladabi ki ce, Yaya, a ba ni wata biyu in gwada gyaran, idan bai yi ba sai mu sake shawara. Ki nuna masa cewa lasifika ana samunta a kowace kasuwa, amma abin da Hajiya take nema shi ne ƙarar wanin nan, da shuuu ɗin allura kafin waƙa ta fara, da muryar da ke fitowa daga wannan akwati da mijinta ya taɓa da hannunsa. Idan aka kwashe cikinsa, wannan ya tafi har abada. Ranar da aka gama, ki bar yayanki ya yi wanin da kansa ya ɗora mata faifan.

WASIƘA TA BIYU

Gwaggo, ina cikin fushi. Ina da faya-fayan garmaho da na daɗe ina tarawa. Matata ta ga sun yi ƙura, ta goge guda huɗu da sifirit ba ta tambaye ni ba, suka yi fari suna danƙo. Na yi mata faɗa sosai. Kuma ko waɗanda ba ta taɓa ba, na lura suna fitar da baƙin gari idan ina sa su, ga shi allurar da nake amfani da ita ba ta fi wata shida ba.
Ɗanki daga Maraɗi

AMSA

Ɗana, zan gaya maka gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba: ɓarnar da allurarka ta yi ta fi ta matarka yawa. Ita faifai huɗu ta taɓa sau ɗaya, cikin rashin sani da son ta kyautata maka. Kai kuwa wata shida kana niƙe sauran.

Faifan garmaho, mai juyi 78 a minti, da shalak ake yinsa, wani danƙo da ƙananan ƙwari suke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da maƙwabtanta. Ana cakuɗa shi da garin dutse mai laushi. An yi haka da gangan, don faifan ya riƙa cin allura ya daidaita bakinta da layinsa, maimakon allura ta ci faifai. Fuska ɗaya ta faifai mai inci goma minti uku ce ko sama da haka kaɗan, kuma kafin ta ƙare bakin allurar ya riga ya goge ya yi kaifi ta gefe kamar kurfi. Idan ka sake ɗora ta, musamman idan ta ɗan juya a mazauninta, sassaƙa take yi. Baƙin garin da kake gani muryar mawaƙin ce take zubewa, kuma ba ta dawowa. Ƙa'idar ita ce allura ɗaya, fuska ɗaya, a jefar. Shi ya sa ake sayar da su ɗari ko ɗari biyu a ɗan gwangwani, shi ya sa kuma garmaho yake da ɗan kofi na zuba waɗanda aka gama da su. Suna da kauri iri-iri, mai kauri ta fi ƙara, siririya ta fi taushi kuma ta fi sauƙi ga faifai. Allurar ɗinki ko ƙusa da aka wasa ba su da wuri a nan. Kuma kada ka kuskura ka ɗora faifan roba na baya-bayan nan, mai juyi 33 ko 45, domin nauyin kan garmaho zai kashe shi tashi ɗaya.

Sifirit kuwa narkar da shalak yake yi, haka turare da duk abin da ke da irin wannan sinadari. Waɗancan huɗun ka bar su su bushe sarai, ka gwada da sabuwar allura, wataƙila wani abu ya tsira. Nan gaba, burushi mai laushi ya isa ƙurar hunturu. Idan datti ya kama, ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun ruwa, a bi layi a zagaye, a kiyaye takardar tsakiya, kada a jiƙa shi a bari, a shanya a inuwa har ya bushe ƙarau. A jera su a tsaye cikin rigunansu, nesa da rana. Wanda ka san ba za ka sake samun irinsa ba, ka naɗi sautinsa ka ajiye, ka rage yawan sa shi.

Sannan ka je ka ba matarka haƙuri. Macen da ta ga kayanka sun yi ƙura ta ɗauki tsumma, ba faɗa ta cancanta ba, bayani ta cancanta. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ka zaunar da ita ka nuna mata yadda ake yi, ka ga ka samu abokiyar kula da su.

WASIƘA TA UKU

Gwaggo, na sayi garmaho mai babban ƙaho na tagulla, yana ta walƙiya, da hoton kare a gabansa. Mai shagon ya rantse mini ya haura shekara ɗari. Sautinsa ba daɗi, na kai wa wani masani ya ce jabu ne. Kuɗi masu yawa na zuba. Wani abokina ya ce in canza masa kai in sayar wa wani a matsayin tsohon kaya in fanshe. Ya halatta?
Wani ɗan kasuwa daga Kumasi

AMSA

Ɗana, Allah ya mayar maka da alheri. Ba kai kaɗai aka yi wa haka ba. Irin waɗannan ana harhaɗa su da yawa, musamman a Indiya, a ɗauko injin tsohon garmahon akwati, a sa shi a sabon katako, a ɗora ƙaho na siririyar tagulla, a manna hoton kare. Alamominsu a bayyane suke ga wanda ya sani: gwiwar da ke riƙe da ƙaho takan zama mai kusurwa da alamar walda maimakon lanƙwasa mai santsi, hannun wani yakan shiga a karkace domin injin na wani akwati ne daban, katakon kuma sabo ne da aka shafa wa duhu, wani ma har da gilas a gefe.

Sa masa kai mai kyau zai ɗan gyara sauti, amma ba zai gyara wuyan da aka ƙera ba bisa awo ba. Irin wannan wuya yana sa allura ta zauna a karkace ta riƙa cin gefen layi, don haka kada ka ɗora masa faifan da kake ji da shi.

Shawarar abokinka kuwa, ka bar ta inda ka ji ta. Ɓoye aibin kaya a ciniki algus ne, ka sani, na sani. Zafin da kake ji yau shi za ka ɗora wa wani bawan Allah, kuma kai ɗan kasuwa ne, sunanka shi ne jarinka. Ka fara komawa wajen wanda ya sayar maka, da masanin nan da wani dattijon kasuwa, a nemi sulhu, wataƙila shi ma haka aka sayar masa. Idan bai yiwu ba, ka sayar da shi a matsayin abin da yake, kayan ado na falo ko na shago, akwai masu so. Abin da ka rasa ka ɗauke shi kuɗin makaranta.

WASIƘA TA HUƊU

Gwaggo, garmahon mijina marigayi yana yin wani gum! a ciki idan yana tafiya, waƙar kuma ta riƙa ja tana saki. Ɗana mai shekara goma sha biyar yana da son kwance-kwance, ya ce zai buɗe injin. In bar shi?
Wata uwa daga Garwa

AMSA

'Yar'uwa, kada ki bar shi ya buɗe gwangwanin sifirin. A cikinsa akwai ɗamarar ƙarfe mai tsawon mita da yawa, a naɗe, bakinta da kaifi. Idan ta kubce takan yi tsalle ta yanki hannu ko ta sami ido. Ƙarar da kike ji tsohon giris ne ya daskare, naɗin ƙarfen yana mannewa sannan ya fizge. Maganinsa a fitar da shi, a wanke da kananzir, a sa sabon giris, kuma aikin wanda ya saba ne, da safar hannu mai kauri da abin kare ido, bayan an bar injin ya juya har wanin ya ƙare gaba ɗaya.

Amma kada ki kashe wa yaron gwiwa, irinsu ne suke zama masu gyaran gobe. Ki ba shi aikin da ya dace da shi. Ya ɗiga man keken ɗinki a inda ƙarafa suke juyawa, da kan ɗan ƙyallen da ke goga da faifan gwamna, wato na'urar nan mai ƙananan duwatsun ƙarfe da ke daidaita gudu. Ya liƙa 'yar takarda a bakin farantin, ya riƙe agogo ya ƙirga: juyi 39 a rabin minti shi ne daidai. Ki koya masa kada ya yi wani har ya cije, idan kuma za a ajiye garmahon ya bar shi ya sauke wanin. Ranar da za a kai wa mai gyara, ki tura shi ya riƙe farantin kusoshi ya zuba ido. Nan na fara, kuma abin da na gani a wannan zama bai bar ni ba har yau.

Wanda duk ya gyara nasa, ina roƙonsa ya rubuto ya gaya mini faifan da ya fara ɗorawa, da wanda ya zauna ya saurara tare da shi. 'Yata ta Zariya, ina jiran labarin Hajiya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.

Taku,
Gwaggo